Kwantenar da ke Mutuwa Ranar Kasuwa

Har yau in aka tambaye ni aikin da nake yi, sai na rasa ta inda zan ɓullo wa bayanin. A gidanmu an daɗe da yanke hukuncin cewa ni mai gyaran kwamfuta ne, ni kuma na gaji da musu. Kwamfutocin da nake kula da su ban taɓa sa su a ido ba. Haya muke yi, suna can wata ƙasa, mu 'yan aikin muna ce musu kilawud. Ƙungiyar da nake wa aiki a Kaduna tana da manhajar da ƙananan asibitocin karkara ke neman magani da ita. Ma'aikaciya ta shigar da abin da ya ƙare mata a tablet, wato babbar wayar nan ta aiki, saƙon ya hau kilawud, ma'ajin magani ya gani a allonsa ya ɗaure kaya. Ita manhajar a yanyanke take gunduwa-gunduwa, kowane yanki a cikin ɗan akwatinsa da muke kira kwantena, kowace kwantena da rabonta na ƙarfin inji da na memori, wato wurin riƙe aikin da ke hannu. Ni ne mai rabon.

Yayata tana cikin masu aiko da saƙon. Ita ke riƙe da ɗan asibitin wani ƙauye a wajen Kuyello, a ƙasarmu ta Birnin Gwari. Ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai shara in mai sharar ta tafi biki. Ita ta goye ni, don haka ko gemu ya kai mini cibiya Auta take ce mini. Ba ta da mota, ba ta da gidan kanta, amma a ƙauyen nan mace kan tafi unguwa ta bar mata makullin rumbu. Wannan shi ne arzikinta, kuma ta san da haka.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, masu tallafa mana suka ɗauko wasu masana su auna yadda muke tafiyar da kwantenoninmu. Sana'arsu ke nan. Sun auna ƙungiyoyi da kamfanoni masu yawa, sai su ɗora ka a sikeli ɗaya da su, su ba ka maki. Namu ya fito ja wur. Masanin da ya yi mana bayani ta bidiyo mutum ne mai fara'a, da wata shuka a tukunya a bayansa, yana murmushi yana yanka ni. Ya ce na ware wa kwantenoni abin da ya ninka buƙatarsu nesa ba kusa ba, yawancin lokaci a zaune suke suna hamma muna biyan haya. Ya ce ban sa musu iyaka ba, kuma ba wani mai gadi da ke leƙa su ya ga ko suna da rai. Shugabarmu, wadda muke ce wa Madam, ta juyo ta dube ni ta saman tabarau.

"Wato kullum tuwon biki muke tuƙawa, masu ci mutum biyu," in ji ta.

Raina ya ɓaci, domin ni mutum ne mai saurin hawa, kuma abin haushin shi ne gaskiya suka faɗa. Lokacin da na fara kafa abin, na zuba komai da yawa ne kawai don kada a dame ni. Ba wani lissafi na yi ba. Don haka na haɗiye fushina na bi shawararsu tiryan-tiryan. Na rage wa kowace kwantena rabo ya dawo daidai cin da ta saba yi. Na sa iyaka, wadda ta wuce ta a kashe ta a ta da sabuwa nan take. Na saita abin yadda in aiki ya yi yawa zai kira ƙarin inji da kansa, in aiki ya lafa ya sallame shi. Da aka sake awo makinmu ya koma kore shar, har aka ce mun shiga sahun gaba. Madam ta aika aka sayo tsire, ni ma na ci har da ƙari.

Ana haka sai saƙonnin Yaya suka fara. Saƙon murya take turo mini, kuma na daɗe da sabawa da cewa a tare suke shigowa, rututu, ranar kasuwar yankinsu ta mako-mako da hantsi. Na ɗauka ranar ce take samun sukuni.

"Auta, lafiya kuwa wajenku? Maganin zazzaɓin yara bai zo ba, ga ruwa ya sauka, sauro ya yi mana sallama."

Na duba. Babu buƙata ko ɗaya daga asibitinta. Na mayar mata da amsa cewa ta aiko mana tukuna, ai ba duba muke yi ba. Amsar ta tsaya ba ta shiga ba sai da wata kasuwar ta zagayo.

"Kai Auta, ni za ka koya wa aikina? Na aika, na sake aikawa. Sau nawa ake aikawa?"

Na kira ma'ajin magani na roƙe shi ya ɗaure mata kaya haka nan. Ya ce shi in abu bai fito a allo ba, ba ya shiga mota, don shi za a tuhuma. Ban ga laifinsa ba, amma sai da na gaya masa maganar da daga baya na ba shi haƙuri.

Daga nan kaina ya fara ɗaurewa. Asibitocin sauran wurare suna aikowa kullum lami lafiya. Na yankinmu wasu na shigowa, wasu ba sa shigowa, nata kuwa ko sau ɗaya. Da na tona bayanan injin sai na ga wani abu: kwantenar da ke karɓar saƙonni tana mutuwa duk ranar kasuwa da hantsi. Ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, can kuma ta miƙe garau kamar ba ita ba, ta yi mako guda ko tari babu. Na kai wa Madam. Ta dubi allo ta ce ita dai kore take gani. Na rubuta wa masanin. Ya amso da fara'arsa cewa ai wannan shi ne daɗin tsarin, abu ya faɗi ya tashi da kansa ba tare da an taɓa shi ba, kuma in aka haɗa wata guda ba a ma ganin faɗuwar. Ya ƙara da cewa na'urori da yawa ne ke afko mana lokaci ɗaya daga wuri ɗaya, watakila masu kutse ne, in sa ido. Na sa ido har ya yi ja. Na zargi masu kutse, na zargi kamfanin haya, na zargi tablet ɗin Yaya, na zargi Yaya kanta. Wane irin ɗan kutse ne ke hutun mako ya dawo aiki ranar kasuwa? Na rasa mai ba ni amsa.

Sai wani saƙo ya zo da muryarta a ƙasa, ba tsokana, ba faɗa.

"Auta, an fara cewa sayarwa nake yi. Wai kaya na zuwa ina karkatarwa kemis a gari. Jiya wata ta zo ta karɓi makullinta."

Washegari na nemi izini na kama hanya.

Wanda bai san hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun nan ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Aka tara motoci aka jira rakiyar jami'an tsaro, sannan aka shiga a jere. Daji dama da hagu, ciyawa ta fi mutum tsawo, motar da ta taso da surutu ta yi tsit sai mai jan carbi da mai motsa leɓe. Daga gari na hau babur, muka yi ta kokawa da laka tsakanin gonakin masara. Na isa da la'asar. Mata na zaune a bencin asibiti da yara a cinya, jikinsu zafi rau, aka amsa gaisuwata a daƙile. Yaya ta rame. Ta buɗe mini ɗakin ajiya, kantoci wayam, sai auduga da ruwan wanke ciwo.

Na karɓi tablet na duba. Ga buƙatunta nan a jere, kowace da alamar tana jiran tafiya. Ba abin da ya lalace. Ni kuma da na kwaso gajiya da ruɗani sai na huce a kanta. Na ce tabbas akwai abin da take dannawa ba daidai ba. Ta ce in ban san aikina ba in faɗa. Murya ta hau murya, a cikin ɗakin ajiya, ƙofa a buɗe, matan benci na ji. A lokacin ban kawo komai a raina ba, faɗan gida ne irin wanda muka saba tun ina yawo ba wando.

Da muka sauko na ɗaga wayata na ga ba sabis ko ɗigo. Na ce, "Yaya, a ina kike tsayawa ki samu sabis?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina rana ke fitowa. "Wane sabis? Turken sabis na yankin nan ai ya daɗe da mutuwa, masu gyara sun ce ba za su shigo ba."

"To da me kike turo mini saƙo?"

"Gobe kasuwa," ta ce. "Gani ya kori ji."

Da sassafe wani mai babur ya fara bi gida-gida da tsohon buhun taki. Kowa ya riga ya yi maganarsa a waya ya danna aikawa, ya kashe ta don kada caji ya ƙare, ya ƙulle ta a leda da ɗan ƙyalle mai launi don shaida. Yaya ce farkon wadda ya zo wa, saboda girmamawa. Ta naɗe tablet a tawul ta shimfiɗa shi a gindin buhu da hannunta, sannan wayoyin gari suka hau kai. Na tsaya baki buɗe. Kowa a ƙauyen ya san wannan, har awaki ma ina jin sun sani, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin gaya mini.

Na hau bayan mai babur ɗin. A mararraba muka tarar da masu babura na wasu ƙauyukan, kowa da buhunsa, domin wannan yanki na daji ba a ratsa shi mutum ɗaya, kuma sai ranar kasuwa hanya ke da jama'a. Kasuwar kanta ba sabis. Amma kafin a kai ta akwai wani falalen dutse a kan tudu, ɗan nesa da hanya, inda sabis ɗin gari ke ɗan leƙowa. Nan aka ratse. Aka juye buhuna a hankali, aka baje wayoyi a kan dutse kamar shanyar kuɓewa, kowa ya duƙa yana kunnawa da sauri. Mutum ɗaya bai duƙa ba, yana tsaye ya juya mana baya yana kallon daji. Can sai wuri ya kaure da ƙara, wannan ta yi ƙiris, waccan ta yi kukan zakara, wata ta ɗauko waƙa. Gaisuwar mako guda, rasuwa da haihuwa da cigiyar ɗan da ya tafi ci-rani, duk suna fita suna shiga lokaci ɗaya. A cikinsu har da tablet na asibitocin yankin kaf, kowanne ɗauke da aikin mako.

Na ciro wayata na buɗe allon aikinmu. Ina tsugune a kan dutsen nan na ga kwantenata tana cika, tana cika, ta taɓa iyakar da na sa mata da hannuna, aka kashe ta. Sabuwa ta tashi, duk suka sake afka mata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Tsarin ya lura aiki ya yi yawa, ya aika a kawo ƙarin inji, kamar yadda aka tsara, sai dai ƙarin injin yana buƙatar 'yan mintoci kafin ya shirya. A daidai nan mai babur ɗinmu ya kai gindin buhu, ya warware tawul, ya kunna tablet ɗin Yaya. Ya sami ƙofa a rufe.

Mai kallon daji ya yi gyaran murya. Nan da nan aka fara kashe wayoyi ana zubawa a buhu.

Na ce, "Don Allah ku dakata kaɗan, yanzu zai tafi!"

"Oga, nan ba wurin zama ba ne," in ji mai babur ɗinmu, yana naɗe tawul. Ya ɗan tsaya ya dube ni da damuwa. "Ko ni ne ke ɓata shi? Wallahi a hankali nake ɗauka. Wani ya ce in riƙa girgiza shi, na ƙi."

Na ce masa ba shi ba ne. Ya ce to wane ne? Na ce ya ta da babur mu tafi. Muna gangarowa daga tudu, kafin sabis ya ɗauke, na saci kallon wayata. Ƙarin inji ya iso, komai ya koma kore shar, ba kowa a bakin ƙofa.

A kan babur ɗin nan na yi ta juya abin, har yau kuma ban gama juya shi ba. Da can da na yi aikin kasala na zuba komai da yawa, ashe wannan almubazzarancin ne ke ɗauke buhunan nan ban sani ba. Da masana suka zo suka gyara ni, gyaran gaskiya suka yi, awonsu bai yi ƙarya ba. Na bi gaskiya sai yara suka rasa magani. Mai babur bai yi laifi ba da ya fara zuwa wa Yaya, ita ba ta yi laifi ba da ta lallaɓa kayan asibiti a gindin buhu, mai kallon daji kuwa wa zai ce masa ya yi gaggawa? Na nemi wanda zan ji haushi na rasa, ga shi ni ba na iya zama ba haushin kowa.

Na wuce gari na sauka gidan kawunmu, inda sabis ke kamawa a tsakar gida. Na kira Madam na kwashe labari na gaya mata. Ta ce, "Buhu?" Na ce buhu, na taki. Masanin ma da na kira shi, in faɗi gaskiya, bai yi gardama ba. Ya ce abu mai sauƙi, in saita tsarin ya buɗe kansa duk ranar kasuwa da safe. Na ce ranka ya daɗe, in rafi ya cika ko aka ji ƙishin-ƙishin a hanya, sai a ɗaga tafiyar zuwa gobe ko jibi, kuma ba mai iya sanar da ni, tunda sanarwar ma a buhu za ta zo. Ya ce to a sake gina manhajar yadda za ta riƙa karɓa tana jerawa. Wannan ma gaskiya ne, aikin watanni ne kuma. Yaran benci ba su da watanni. Na mayar da tuwon biki yadda yake, kullum a tuƙe, ko da mai ci ko babu. Madam ta ce makinmu zai faɗi. Na ce zai faɗi. Ta yi tsaki ta ce in rubuta bayanin da masu tallafi za su gane, ita dai ba ta san ta inda za ta fara ba.

Kasuwa ta gaba saƙon Yaya ya shiga tun kafin mai babur ya gama ninke tawul. Ma'aji ya gani a allo ya ɗaure kaya. Murna ta hana ni komawa Kaduna, na jira motar a gari, na bi kwalayen har ƙauye, ni a gaba su a baya, ina washe baki kamar ango.

A tsakar asibiti na tarar da dattawan kwamitin asibitin a gindin bishiya. Shugabansu wani tsoho ne mai natsuwa, dattijon coci, wanda ya san mahaifinmu. Na ga dama ta samu in wanke Yaya tas. Na gyara tsayuwa na fara bayani, na kawo kilawud, na kawo awo da maki, na kawo dutse da buhu. Ina magana ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mai tatsuniya da rana. Suka saurare ni har na gama.

"Yaro, mun ji," in ji tsohon. "Mu abin da muke so mu sani, wa ya riƙe maganin?"

"Baba, ba wanda ya riƙe shi."

"To wa ya sake shi?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To," ya ce, ya dubi sauran, suka gyaɗa kai. "Allah ya kyauta gaba. A bar maganar haka, tone-tone ba ya gyara gida."

Sai a lokacin na ga abin da suka gani. Ƙane ya zo daga birni, ya shiga ɗakin ajiya, an ji shi yana ɗaga wa yayarsa murya, ya tafi, ya dawo da kwalaye. Wannan labari yana da kai yana da ƙafa, ko yaro zai iya maimaita shi. Nawa kuwa ni kaina da ƙyar nake riƙe shi. Na sake buɗe baki, tsohon ya ɗaga mini hannu cikin tausayi, irin na wanda ya ga ɗa na ƙoƙarin rufa wa 'yar'uwarsa asiri.

Ina komawa wajen benci wata tsohuwa da jikanta a baya ta kamo hannuna da hannayenta biyu. Idonta ya kawo ruwa.

"Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Kai ka sa ta ji kunya ta fito da shi. Allah shi ba ka masu yi maka."

An yi mini addu'a, bakina ya riga kaina. Na ce, "Amin."

Yaya na bayana, tana murƙushe ƙwaya a cokali. Ba ta ɗago ba. Sai da tsohuwar ta matsa ta ce a hankali, "Auta, har da amin."

Na ce wallahi suɓutar baki ce, bari in bi ta in gaya mata. Na ce zan tara garin gaba ɗaya, zan kai su kan dutsen su gani da idonsu.

"Su ga me?" ta ce. Ta miƙo mini wani yaro mai zafin jiki. "Riƙe mini kansa, kada ya furzar."

Na riƙe. Ya sha, ya yi kuka, uwarsa ta karɓe shi ta yi mini godiya, ni kaɗai.

Makinmu bai sake komawa kore ba a wannan shekarar, an sa mu cikin masu ɓarna, kuma a bisa awonsu haka ne. Magani bai sake yankewa ba. Saƙonnin Yaya na nan suna shigowa rututu ranar kasuwa da hantsi, tana tsokanata a kan aure da ƙiba, ba ta taɓa ta da maganar ba. A bakin mai babur na ji sauran. Ya ce tun daga ranar, in kaya suka iso, ba ta yarda a shigar da kwali ɗaki a rufe. A tsakar asibiti take yanke shi, a gaban kowa, ta fito da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ko da ruwa ake yi.